Mun Je Kumasi Neman Mai Gona

Tun da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na kai kofi baki sai wani ya yi sallama, ya gaishe ni da gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, sannan ya gyara zama ya ce, "To Mai-Agogo, yaya can ɗin take?" Na ba da labarin nan a majalisarmu ta bakin kasuwa, na ba da shi a Bakura wajen suna, na ba da shi a Maradun wajen ta'aziyya, har ya fara tsawo da kansa. Shekaranjiya na ji wani yana faɗa wai a jirgin ruwa muka je, kuma wai ni na tuƙa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi da ilimina na aji huɗu na firamare, wanda har yau bai ƙare ba saboda ban cika taɓa shi ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni da kofina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Garba Mai-Agogo na Talatar Mafara. Na yi ƙuruciyata ina gyaran agogo a bakin kasuwa, har wayar hannu ta shigo, kowa ya cire agogonsa ya jefa cikin kwalla. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce son waya ya ja bakina. Tsakanina da waya akwai tsohuwar gaba.

Tafiyar daga zauren gidana ta samo asali. Ɗiyata Rabi ta yi karatun kwamfuta, ita ta ɗora faifan sola a kan rufin zauren tana cajin wayoyin unguwa. Ɗanta na fari ciwon sikila ne ya ɗauke shi, amosanin jini da muke cewa, bayan mun sha jigila tsakanin gida da asibiti. Allah ya sa mai ceto ne. Tun daga nan duk inda aka ambaci sikila sai ta kasa kunne. A haka ta gano wasu likitoci a wata jami'a a Kumasi, ƙasar Gana, masu neman maganin ciwon.

Wata safiya ta zaunar da ni ta ce, "Baba, kafin a ba mutum magani sai an gwada haɗi iri-iri a lissafi, a ga wanne ke da alamar kama ciwon. Lissafin ya fi ƙarfin kwamfutarsu. Shi ne suka yanka shi gunduwa-gunduwa suna tura wa wayoyin mutanen da suka yarda. In waya tana kan caji, ta cika, mai ita ba ya taɓa ta, sai ta yi nata rabon ta mayar musu da amsa."

Na ce, "Ana biya?"

Ta ce, "Ba a biya."

Na ce, "To gayya ke nan."

Ta yi dariya. "Gayya ce, Baba."

Mutane da dama sun yarda ta sa musu abin a waya, don da wuya ka sami zuri'a a ƙasarmu wadda ciwon nan bai taɓa ba. Daga Mafara abin ya kai Bakura, ya kai wajen danginmu na Tsibiri da Faru. Ba wanda ta sa wa ba da izininsa ba.

Sai taubashina ya buɗe baki. Alhaji Ummaru na Bakura, ɗan kawuna, mai fataucin albasa, mutumin da tun muna yara in na ce rana ta fito sai ya leƙa waje. Ya ɗauki wayarsa daga caji ya ji ta da ɗumi. A makon nan kuwa ɓarayin daji sun kore shanu a wajen Faru. Sai ya ce a majalisa, ana sauraro, "Wayar da ka aiki mai ita na barci, wa taka yi ma aikin?"

Tambaya ce kawai. Amma magana zarar bunu ce. Kafin Talata ta zagayo, tambayar ta zama labari: wai wayoyin zauren Mai-Agogo suna gaya wa mutanen daji inda shanu suke kwana. Kun san kalmar da ake liƙa wa mutum a irin wannan. Infoma. Kun kuma san in ta manne wa mutum a ƙasarmu ba gardama ake yi da shi ba. Yara suka daina kawo wayoyin iyayensu mata. Wasu matasa suka fara tsayawa tsallaken hanya suna kallon ƙofar gidana. Rabi ta daina cin abinci.

Mai unguwarmu ya tara mu kafin abin ya fi ƙarfin baki. Ya saurari kowa, sannan ya ce, "A garin nan ba a taɓa yin gayya a gonar da ba a ga mai ita ba. Mai gona shi ke zuwa da ƙafarsa ya gayyata, ya nuna iyaka, ya kawo fura. Wannan mai gonar, wa ya gan shi?"

Ba wanda ya gan shi. Ko Rabi a rubuce kawai suke magana.

Ya ce to a je a gano shi. Kafin a dawo a cire abin daga kowace waya, kuma duk wanda ya sake furta waccan kalma a kan yarinyar nan da shi yake yi. Ya nuna ni. Wani ya ce uba ai ɗiyarsa zai bi. Sai mai unguwa ya nuna Ummaru, wanda dama motar albasarsa Kumasi take zuwa. Ya ce, "Ku biyun nan ko kan ganin wata ba ku taɓa haɗa baki ba. Ku tafi tare."

Ana gobe za mu tashi yayata Hawwa ta zo daga Tsibiri a kan babur, duk tsufanta. Jikarta na fama da ciwon. Ta ce, "Garba, in ka ga mutanen, ka tambayo mini abu guda. Yaushe maganin zai zo?"

Mun tashi sai da rana ta ɗaga, ayari guda da wasu motoci, yadda ake yi yanzu. Na zauna gaba tsakanin direba da Ummaru, albasa a bayanmu. Wanda bai taɓa doguwar tafiya da albasa ba bai san kuka ba tare da baƙin ciki ba. Daga Sakkwato muka gangara Kabi, muka nufi iyakar ƙasar Binin ta wajen Tsamiya. Ummaru ya ɗauke ni baƙauye, kowane gari sai ya gaya mini sunansa kamar shi ya kafa shi.

A iyaka wani jandarma ya zazzage aljihuna. Ga ƙananan sukudireba, ga hantsaki, ga gilashin da nake maƙalawa a ido. Ya yi Faransanci mai tsawo, direba ya fassara mini a taƙaice: mene ne waɗannan, kuma ina za ni? Na ce a gaya masa ni injiniyan lokaci ne mai ritaya, kuma za ni ganin mai gona. Ban san abin da direba ya gaya masa ba, sai na ga ya kwance agogon hannunsa ya miƙo mini. Na maƙala gilashi, na buɗe, na daɗe ina dubawa kamar likita. Batir ne ya mutu, ni kuma ba ni da ko guda. Na rufe na ce a shaida masa agogon nan ba abin da ke damunsa sai gajiya, a bar shi ya huta. Ya yi dariya har ya dafa mota, ya buga mana hatimi.

Ummaru ya ce, "Saura kaɗan ka sa a ɗaure mu, tsohon banza."

Na ce, "Bawa ba ya magana ubangijinsa na aiki."

A Binin abin da ya fara ba ni mamaki mata ne a kan babur. Su ke tuƙawa, da goyo a baya, da kwandon doya a gaba, suna yi wa manyan motoci oda. Mun sauka a Jugu gidan wani dattijo mai saukar fatake, wanda ya ce kakansa Bakabe ne da ya biyo hanyar goro ya ƙi komawa. Hausarsa irin ta da ce, kamar ana buɗe tsohuwar adaka. Aka kawo mana sakwara da wani abu da suke kira wagashi, cukun nonon shanu da ake soyawa a jefa cikin miya. Na ɗauka nama ne, na yi ta neman ƙashi. Da ya ji abin da ya fito da mu, dattijon ya jinjina kai ya ce, "Kun yi daidai. A zamanin kakana ba a sayen goro sai an kwance huhu."

A Togo ne abin ya faru wanda ya ɗaga wa Ummaru hankali. Mun tsallaka iyaka ba da jimawa ba, ya duba wayarsa, ya duba agogona, ya ce agogona ya yi gaba da awa guda. Ku ji mini magana. Agogon da na yi wa hidima da hannuna tun kafin ya auri uwargidansa. Muka yi ta musu har direba ya gaji ya ce lokacin Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya, wayar ce ta gyara kanta.

Ummaru ya ƙura wa wayar ido. Can ya ce, "Wa ya gaya mata mun shigo Togo?"

Direba ya ce, "Ta sani mana, Alhaji."

Ya juyo gare ni. "Ka ji ko? Ka ji abin da nika faɗi?"

Na ce, "Na ji. Amma abin Rabi ai ka cire shi tun a Bakura, a gaban jama'a, har kana tofar da yawu."

Ya juya wayar a hannunsa kamar wanda ya tsinci kunama a aljihu. Daga nan har Tamale bai ƙara gaya mini sunan gari ba. Ni kuwa na ƙi taɓa agogona. Na ce lokacin Mafara na zo da shi, da shi zan koma.

Kumasi gari ne mai ruwa, ko'ina kore, ƙasa ja. Mun shiga ranar Asabar muka tarar da taro a kan titi, an sha jajaye da baƙaƙen tufafi, ana kiɗa ana rawa. Na ce wa direba ango ɗan gidan wa ne. Ya ce jana'iza ce. Na ce to Allah ya kyauta, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu a wajenmu a binne ka kafin azahar, su kuwa sai sun yi maka biki. Mun sauka a zango, unguwar Hausawa, gidan dillalin albasar Ummaru. Da safe aka kawo mana wace, wato shinkafa da wakenmu ne suka je can suka yi arziki: an ɗora musu taliya, da ƙwai, da garin rogo, da wani baƙin yaji da ake kira shito. Aka gargaɗe mu a kan yajin. Ba mu ji ba. Abin da ya biyo baya ba na rubutu ba ne.

Rabi ta riga ta aika wa likitocin cewa muna tafe, an ba mu lokaci ranar Litinin. Da yake da agogona na yi aiki, mun isa da awa guda kafin lokaci. Ummaru ya zage ni iya son ransa, muka zauna kan benci a baranda. Ashe barandar asibitin masu sikila ce. Ga mata a jere da yara. Kusa da ni wata Ba'asanta, 'yar asalin garin, ta rungume ɗanta, ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Yaron ya ɗago ya dube ni, idonsa rawaya, yatsunsa a kumbure. Na san idon nan. Na san hannun nan, na sha riƙe irinsa ina gasa shi da tsumma mai ɗumi. Na nuna mata da hannu yadda muke yi, ta gyaɗa kai, ta nuna mini ita ma haka take yi.

Ummaru ya daina zagi. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Gonar dai akwai ta."

Mai gonar mace ce. Dakta Memuna, 'yar zango, gajeruwa mai fara'a, da Hausarsu ta can wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ta durƙusa ta gaishe mu kamar 'yar gida, ta ce, "Baba, sannunku da hanya. Tun da muka fara aikin nan ba wanda ya taɓa tahowa daga nesa haka don ya gan mu."

Na ce, "Ba ziyara muka zo ba, 'yata. Bincike muka zo." Na gaya mata kalmar da aka liƙa wa Rabi, da abin da kalmar ke jawowa a ƙasarmu. Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce ba ta taɓa tunanin abin zai iya zama haɗari ga wani ba, kuma laifinsu ne da suka aika da aiki gari ba su aika da fuska ba.

Na yi zaton za a kai mu wani makeken ɗaki mai injuna suna ruri. Sai ga wani akwatin ƙarfe da bai kai firjin mai sayar da ƙanƙara ba, fitilu na ƙiftawa. Ta ce wannan shi ke raba aiki ya karɓi amsa, ƙarfin kuwa yana aljihun mutane. Ta nuna mana a allon kwamfuta wani abu mai kama da kanannaɗaɗɗiyar igiya, ta ce siffar abin da ke lanƙwasa jinin mai sikila ke nan, su kuma suna neman ƙwayar da za ta shige wani lungu a jikinsa ta hana shi. Kowace waya ana ba ta 'yan ƙwayoyi ta gwada. Na gyaɗa kai irin na masana. Ai mai gyaran agogo ya san neman haƙorin da zai shiga gurbi.

Ummaru bai zo gyaɗa kai ba. Ya ajiye wayarsa a kan tebur. "Likita, wagga ta san mun shigo Togo. Wa ya gaya mata?"

Ta ce, "Kamfanin layinka, Alhaji. Kowace waya tana magana da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, ko da abinmu ko babu. Wannan ba zan ɓoye maka ba."

"Ku kuma mi kuka gani?"

"Muna ganin amsar lissafi, da irin wayar, da ƙasar da ta fito, da kamfanin layin. Ba mu ganin ƙauye, ba mu jin magana, ba mu ganin lambobin mutanenka."

"Ɗumin fa?"

"Aiki take yi. Tana ɗumi, tana cin data kaɗan, kuma batir yana jin jiki a hankali. Wanda bai so ba, kada ya sa."

Na ce, "To mu yanzu bakinki kawai za mu kama?"

Ta ce a'a. Ta ce yadda aka ƙera abin a buɗe yake, duk mai ilimin zai iya dubawa. Mu sa shi a waya mu kai wa mai gyara wanda muka zaɓa da kanmu, ya duba abin da aka ba shi izinin taɓawa. Sannan mu kai wa wani a wani gari, wanda bai san na farko ba. Ta ce, "Mu ma haka muke yi muku."

Ummaru ya ɗago. "Kamar yaya?"

Sai ta bayyana. Ashe kowace gunduwar lissafi ba waya ɗaya ake ba ba. Ana ba wayoyi biyu da ba su san juna ba, wata tana iya zama a Bakura, wata a wata uwa duniya. In amsarsu ta zo ɗaya, a karɓa. In ta saɓa, a ba ta uku ta raba gardama.

Ummaru ya miƙe tsaye, babbar riga na rawa. "Au! Ashe ba ku yarda da mu ba! Muna yi maku aiki kyauta kuna bin bayanmu?"

Ta ce, "Alhaji, kai ka yarda da mu?"

Ya ce, "A'a!"

Ta ce, "To."

Ni na fara dariya, sai ita, sai shi da kansa, ya koma ya zauna yana share ido. Na ce masa, "Kai da kake bin 'yan gayyarka kunya-kunya kana tona ƙasa da ƙafa ka ga ko sun binne ciyawa?"

Ya ce, "Wannan daban."

Daga nan na isar da saƙon Yaya Hawwa. Dakta ta dube ni. Ta ce, "Baba, ban sani ba. Yana iya ɗaukar shekaru. Yana iya yiwuwa mu gama lissafin nan mu tarar ba ko ɗaya da ya yi, sai dai na bayanmu su san inda ba za su sake nema ba. Ka gaya mata kada ta fasa kai yarinyar asibiti tana jiran mu."

Na yi shekaru ina zaune kusa da masu tallar magani da lasifika a kasuwar Talata, kwalba guda tana maganin basir da shawara da mayu. Ban taɓa jin mai magani ya ce bai sani ba sai ranar.

Kafin mu tashi na tuna mata al'ada. Na ce a ƙasarmu mai gayya shi ke da fura, kuma in an yi girbi yakan zo ya faɗi abin da gona ta bayar, ko da ƙaiƙayi ne. Ta ce fura dai ba ta da ita, sai ta aika aka sayo mana wace, ba yaji. Girbi kuwa ta yi alkawarin duk lokacin da suka kammala wani sashe za ta kira ta bidiyo, da Hausa, a gaban majalisa, a yi mata tambaya.

Mun bi shawararta. Ummaru ya sa abin a wayarsa da hannunsa, muka kai wa wani mai gyara a zango, sannan a hanyar dawowa muka kai wa wani a Sakkwato, ba mu gaya masa an taɓa dubawa ba. Duk biyun suka ce abin bai nemi izinin sanin wuri ba, bai nemi na jin murya ba, bai nemi na lambobi ba. Na Sakkwaton har ya ƙara da cewa akwai wani wasan kati a wayar Alhaji da ya nemi duka ukun. Ummaru ya ce jikokinsa ne suka sa. Ban ce komai ba. Har yanzu ban ce komai ba.

Da muka iso Mafara majalisa ta cika, har da matasan tsallaken hanya. Mai unguwa ya ce mu yi bayani. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na yi magana a gaban wannan, za a ce ya bi bakina don kunya. A raba mu. A kai shi inda ba zai ji ba, a tambaye ni, sannan a kawo shi a yi masa tambayoyin nan dai. Inda muka saɓa a nemo na uku. Haka ake yi wa wayoyinku a can."

Aka kai Ummaru rumfar mahauta, can ƙarshen layi. Aka yi mini tambayoyi har na ji ƙishirwa. Mai gonar namiji ne ko mace? Me kuka gani a ƙofa? Me abin ke ɗauka daga waya? Me ya sa take ɗumi? Yaushe magani? Sannan aka kai ni rumfar, aka kawo shi. Ina can ina korar ƙuda ina addu'a, don na san halin taubashina: yana iya saɓa mini don kawai kada a ce mun yi daidai. Sunan ɗiyata kuwa a bakinsa yake.

Da aka kira ni na ga mai unguwa yana murmushi. Ya ce amsarmu ta zo ɗaya a kan komai, sai abu guda: ni na ce Ummaru ne yajin Kumasi ya kayar, shi ya ce ni ne. Aka aika aka kira direba a matsayin waya ta uku. Ya rantse ya ce mu biyun ne, kuma har layi muka yi.

Ana cikin dariyar Ummaru ya tashi ya nufi gidana. Jama'a suka bi shi. Ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama da ƙarfi, Rabi ta fito da mayafi, ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta durƙusa. "Sannu da dawowa, Baba Ummaru."

Ya ce, "Ɗiyata, bakina ne ya ja miki, kuma bakina ne zai wanke ki. Kowa ya ji: ba ta da laifi. Wanda ke da magana ya same ni a Bakura." Ya miƙa mata wayarsa. "Amshi wagga, sa ta caji ta yi aikin. Ta cika zaman banza."

Ba kowa ya dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Wasu mutanen Faru sun ce su dai a bar wayarsu ta yi barci, kuma ba wanda ya matsa musu, don gayya ba dole. Dakta ta cika alkawari ta kira sau ɗaya ya zuwa yanzu, aka jingina waya a jikin buta, ta sha tambayoyi har da na ciwon baya. Matasan nan kuwa yanzu nan suke kawo caji.

Yaya Hawwa ta zo ranar Talata. Ta zauna a zaure ta huta, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Me suka ce?"

Na ce, "Sun ce ba su sani ba, Yaya. Sun ce kada ki fasa kai ta asibiti."

"Da bakinsu suka ce ba su sani ba?"

"Da bakinta."

Ta dubi teburin caji. Can ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar wayarta, irin ƙaramar nan mai tocila, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ta miƙa wa Rabi.

Rabi ta ce, "Gwaggo, wannan ba ta iya lissafin."

Ta ce, "Ni ma ban iya huɗa ba, amma ban taɓa fashin gayya ba. Ruwa nika kaiwa. Aje ta cikin 'yan'uwanta."

Rabi ta dube ni, na kau da kai ina gyara agogona da bai lalace ba. Ta matsar da wayar Alhaji Ummaru gefe, ta jona ta Gwaggo a tsakiyar tebur.